Rigar Odil a Jirgin Litinin

Ranar wata Talata, shekara ta kusa zagayowa da binne matarsa, Metir Libom ya ga rigarta a jikin wata mace.

Yana cikin jirgin ƙasa mai sauri, zai je Yawunde bin fayil ɗin fanshonsa, fayil ɗin da ya girmi wasu daga cikin masu juya shi. Layin dogo ɗaya ne tsakanin Edeya da Yawunde, saboda haka in jirgi biyu suka nufo juna, dole ɗaya ya raɓe a wata tasha, ɗayan ya wuce. Mai raɓewa kullum shi ne jirgin da ke tsayawa ko'ina, wanda mutanen layin ke kira Tsohuwa. A Mesondo suka same ta ta raɓe, ta fuskanci Duwala, tana huci. Nasu ya rage gudu, taga na bin taga. Metir ya ɗago daga littafinsa don ya huta da ido, ba don yana sa ran ganin wani abu ba.

A ƙofar tarago na uku wata doguwar mace siririya tana tsaye tana ɓare gyaɗa. Kaba ce a jikinta, rigar nan mai faɗi ta mata, koriya, ta koɗe, da zanen tsuntsaye ruwan ɗorawa. Atamfar ba abin mamaki ba ce, rabin matan Edeya sun ɗinka ta a shekarar da ta fito. Aljihun ne. A ƙugun hagu an liƙa aljihun kaki mai tabon shuɗiyar tawada a kusurwa. Metir ya san aljihun domin nasa ne. Daga tsohuwar rigarsa ta koyarwa matarsa Odil ta yanke shi, ta ɗinka a hagu don bahaguwa ce, ta ce nan za ta riƙa sa tikiti. Tabon kuwa na wani alƙalami ne da ya ci masa mutunci a gaban sufeton makarantu.

Kafin ya miƙe, tarago na huɗu ya shigo, sai na biyar, sai daji. Ya zauna da littafin a buɗe har Yawunde, bai juya shafi ba.

Shekara ashirin da wani abu Odil tana hawa Tsohuwa. Takan fita da safiyar Litinin da jarkoki wofi, ta dawo da yammar Talata da manja da mintumba, curin rogo da ake dafawa a ganye, ta sayar a kasuwa sauran kwanakin mako. Bai taɓa raka ta tasha ba, ita ma ba ta taɓa cewa ya raka ta ba. Shi yana da 'yan aji da littattafai, ita tana da jirgi. Aure ne na mutum biyu masu abin yi. Da ta rasu, aka aske masa kai, aka zaunar da shi a tabarma a ƙuryar ɗaki kamar yadda ake yi wa wanda mata ta mutu ta bari, ba ya taɓa komai nata, ba ya ɗaga ido. Yana zaune yana jin ƙannenta suna buɗe akwatinta a ɗaya ɗakin, suna kuka da ƙarfi suna rabo da kyau. Ranar da aka tashe shi daga tabarmar, ko mataji ba su bar masa ba. Ya ɗauka ba ya bukata. Sai da watanni suka tura ya gane cewa gidan da aka share sarai ba shi da inda mutum zai ajiye ido.

Da ya dawo daga Yawunde ya kira Anastazi, ƙanwar Odil, a waya.

"Koriyar rigar yayarki, mai aljihun kaki. Wa kuka ba?"

"Ikon Allah! Metir, ashe ka san launin kayanta?"

"Tambaya na yi."

"Wannan tsumma mai warin manja? Ni ban ɗauka ba. Wasu mata ne suka zo ranar makoki, suka yi waƙa a waje, suka ce ita kaɗai suke so. Muka ce ku ɗauka, kun rage mana wanki."

"Su wane ne?"

"Matan jirgi mana. Duba littafinka, ƙila suna ciki."

Ta kashe wayar.

Bayan mako biyu ya sake tafiya Yawunde, ya kuma zaɓi Talata da gangan. Tikitin mai sauri tun jajibiri ake sayensa, da katin shaida, a rubuta wa mutum lambar kujera. Metir ya nemi ta bakin taga, a ɓangaren da Tsohuwa ke raɓewa. Mai sayarwa ya dube shi kamar ya ce a karkata masa dogo ya bi ta ƙofar gidansa, amma ya ba shi. A Mesondo Tsohuwa na nan. Rigar ma tana nan, a ƙofar tarago na uku. Sai dai wannan karon wata gajeriya ce mai ƙiba a ciki, ta cika ta har tsuntsayen sun buɗe fiffike, tana sa'insa da mai sayar da gasasshiyar agada.

Nan abin ya wuce ɓacin rai, ya zama tambaya. Riga ɗaya, mata biyu. Ba a aron riga don a hau jirgin manja. Metir ya yi shekara talatin yana hana yara barin tambaya ba amsa, ba zai fara da kansa ba. Ya yanke abu biyu: zai san dalili, kuma zai karɓo rigar. Ta matarsa ce, aljihun nasa ne, kuma ita kaɗai ta rage daga cikin akwati guda.

Washegari ya tafi tashar Edeya, ba don tafiya ba. A bangon zauren jira an manna jadawali uku, wani a kan wani, kowanne da hatimi. Ya sa tabarau. Duk shekarun da ya yi yana hawa jirgi bai taɓa karanta jadawali ba. Mutum ya tambayi lokacin mai sauri, a faɗa masa, shi ke nan. Yanzu ya ga ashe karatu ne mai zaman kansa. Sunayen tashoshi a jere a tsakiya. Jiragen da ke hawa Yawunde ana bin su daga sama zuwa ƙasa ta hagu, masu gangarowa Duwala daga ƙasa zuwa sama ta dama, kamar wanda ya tsara yana son ya ga wa zai karya wuya. Jirgi iri uku ne. Akwai mai sauri, wanda gurbinsa kusan duk jan layi ne a miƙe, ba ya kula kowa sai manyan garuruwa. Akwai matsakaici, mai tsayawa inda ke da shugaban tasha da tuta. Sai Tsohuwa, wadda aka rubuta wa lokaci a gaban kowane suna, har da sunayen da Metir, da ya koyar da labarin ƙasa, bai taɓa ji ba. Ita guda ɗaya ce tak. Ta hau yau, ta kwana can, ta gangaro gobe.

Matsalar ita ce takardun ba su yarda da juna ba a kan ranakun hawanta. Ya tambayi mai shara, ya ce shi dai in ya ji kukanta ya san ta zo. Ya tambayi mai tagar tikiti, wani saurayi da aka kawo daga wani gari, ya ce, "Duk daidai ne, Papa. Kowacce da zamaninta."

Metir ya koma bango, ya ji wani daɗi da rabonsa da shi tun yana gyaran jarrabawa. Yana da hujja guda da idonsa ya gani sau biyu: ranar Talata mai sauri na hawa, Tsohuwa na gangarowa, suna haɗuwa a Mesondo. Takardar da ta sa jiragen nan biyu a Mesondo a lokaci guda ita ce mai gaskiya. Ya ɗora yatsa ɗaya a hagu, ɗaya a dama, ya bi su. A ta sama ba su gamu ba sam. A ta tsakiya sun gamu a tsakiyar daji, inda da gaske ne da tuni an ji a rediyo. Ya ɓamɓaro gefen biyun ya leƙa ta ƙasa, wadda tsufa ya mayar ruwan ƙasa. Yatsun suka haɗu a Mesondo. Hawa ranar Litinin, kamar dai yadda Odil ta saba. An sake takarda sau biyu, jirgi bai samu labari ba.

Ya kwafe tashoshin Tsohuwa a cikin bangon littafin da ke hannunsa, ya koma gida yana tafiya kamar wanda ya ci gardama.

Ranar Litinin ya zo da sassafe, cikin baƙar rigarsa ta makoki wadda saura kwanaki ya cire. Ya sami tagar tikiti a rufe.

"Ba a sayar da na Tsohuwa sai an bugo waya daga tashar baya an ce ta taso," in ji wani dattijo mai kwandon kaji. "Ko kana son ka sayi tikitin abin da bai tashi daga barci ba?"

Hantsi ya ɗaga kafin wayar ta yi ƙara. Taga ta buɗe, layi ya zama dunƙule. Can sai dunƙulen ya tsage da kansa, ya ba da hanya, rigar ta shigo. Mace ta uku ce a ciki, mai furfura a gefen ɗankwali da tabo a haɓa. Ba wanda ya ce ta bi layi. Ta zube kuɗi, ta ce, "Na tarago uku." Saurayin ya miƙo mata tikiti dami guda bai tambayi ina ba. Ta naɗe, ta zura a aljihun kaki a karkace, don ita ba bahaguwa ba ce.

Ta wuce gab da shi, har ya ji ƙanshin sabulu da manja. Da ya miƙa hannu da ya taɓa tabon. Amma Metir ba ya magana a cikin turereniya. Maganar da zai yi tana bukatar wurin zama, da farko, da ƙarshe.

"Ina za ka, Papa?" in ji mai taga.

"Matar nan ina ta saya?"

"Makak. Kullum Makak suke saya."

"Ba ni Makak. Akwai aji na ɗaya?"

"Akwai, in ka riga akuya zama."

Ba katin shaida, ba lambar kujera. Ɗan kwali ne kawai, mai sunan gari.

Tarago na uku benci ne na katako da jarkoki har rufi, da mata wajen goma sha wani abu, kowacce ta san inda take zama ba tare da lamba ba. Doguwar da ya fara gani tana nan, mai ƙibar ma tana nan. Aka ce a matsa wa Papa, aka matsa masa tsakanin buhun gishiri da taga. Jirgi ya ja, ya tsaya, ya yi tunani, ya sake ja.

"Papa, ka ɓata hanya ne?" in ji mai ƙibar. "Masu tabarau can suke hawa, a jirgi mai sanyi."

"Makak za ni."

"Wurin wa? Duk 'yan Makak mun san su, har da waɗanda ba sa son a san su."

"Perpetuwa, ƙyale bawan Allah," in ji doguwar, wadda suke kira Ngo Mahop. "Ba ki ga baƙi a jikinsa ba? Wa ya rasu, Papa?"

"Matata."

Aka ce sannu, aka ce Allah ya ji ƙanta. Wata ta kwance mintumba daga ganye ta miƙa masa. Ya jira a tambaye shi sunanta. Ba wadda ta tambaya. Matar wani ce, sun yi abin da ake yi.

"Mu ma makoki muke," in ji mai furfurar, Ma Sidoni, ta dafa ƙirjin rigar da ke jikinta. "Na mai wannan."

Nan ne ya kamata ya yi magana, ya sani. Amma ya san wani abu kuma. Da zarar ya ce shi ne, za su gyara zama, su gyara murya, su ba shi irin matar da ake ba miji a makoki, mai haƙuri, mai tsoron Allah, ba ta da abokin faɗa. Wannan ya riga ya ji ta a coci, bai ma gane ta sosai ba. Ta tarago uku ce bai taɓa gani ba. Ya buɗe bangon littafinsa. Makak na can nesa, bayan Mesondo, bayan Eseka. Akwai lokaci.

"Wace ce?" ya ce.

"Odil. Ita ke sayo mana tikiti tun Perpetuwa na da ƙugu."

"Ƙuguna na nan," in ji Perpetuwa. "Gida ya faɗaɗa ne kawai."

"In ɗayanmu ta mutu," Ma Sidoni ta ci gaba, "rigar tafiyarta ba ta sauka daga jirgi sai ta cika shekara. Wadda za ta sayi tikiti a makon ita ke sa ta. Haka muka tarar a taragon nan, haka muke yi."

"Saboda me?"

"Kada a saba da rashinta da wuri."

"Kuma masu taga sun san rigar, ba sa sa ta layi," in ji Perpetuwa.

"Ke dai bakinki ba ya azumi."

Amsar tambayarsa ke nan, ta zo a sauƙaƙe har ya ɗan ji haushi. Amma ba su tsaya nan ba, shi ma bai so su tsaya ba. Suka ba shi Odil da ta karɓi haihuwa a kan wannan bencin da yake zaune, da haƙori ta yanke zaren ɗaurin cibi. Suka ba shi Odil da ta zauna a kan akuyar wata tsohuwa tun daga Eseka har aka wuce jandarmomi, ta baza rigar a kanta, akuya na kuka ita tana tari don ta rufe. Suka ba shi Odil mai shan bammi kofi biyu in ciniki ya yi kyau, uku in bai yi ba. Da mai duba tikiti ya shigo, wani mai gashin baki kamar tsintsiya, Ma Sidoni ta zaro damin daga aljihu, sauran suka ɗauki wata waƙa da Odil ta tsara wa gashin bakin nan da abin da matarsa ke sharewa da shi. Mutumin yana huda tikiti yana gyaɗa kai daidai da amshi. Kunnuwan Metir suka yi zafi. Matar da ke rage rediyo in ya buɗe littafi ke nan.

A Mesondo suka raɓe, wani mai sauri ya gangaro ya wuce. Daga nan ya ga yadda yake ta waje: mutane a jere bayan gilashi, kowa kansa a sunkuye.

"Ba ta tsoron komai, matar nan," in ji Ngo Mahop. "Ko maciji."

Ƙarya ce. Odil na tsoron tsaka. Shekara talatin da wani abu yana kakkaɓe tsaka daga bango da tsintsiya, ita tana tsaye a kan gado tana nuna masa da baki. Gyaran ya zo har kan harshensa, ya haɗiye. Wannan nasa ne, bai ga dalilin rabawa ba.

"Ba ta da miji ne?" ya ce, yana kallon taga.

"Tana da shi mana. Wani ne dai ke cin baƙar miyar da take dafawa ran Lahadi ta ajiye."

"Me yake yi?"

"Karatu."

"Karatun me?"

"Karatu dai," in ji Perpetuwa. "Ta ce in ka shiga gidan ka ji shiru, yana nan. In ka ji motsi, ɓera ne."

Aka kwashe da dariya. Metir ya taya su, don gaskiya ce, kuma an faɗe ta da kyau.

"Ranar makoki ba mu gan shi ba, yana ciki a tabarma," in ji Ma Sidoni. "Amma mun san cikinsa. Man farko da ke tasowa saman tukunya, mai ja kamar jini, kwalba ɗaya take cikawa duk mako ta cusa a ƙasan kaya. Ko ka ninka mata kuɗi ba ta sayarwa. Ta ce ta mai karatu ce."

Shekara guda ke nan abinci na yi wa Metir ɗanɗanon sabulu, ko wa ya dafa. Ya ɗauka baƙin ciki ne, har ya ɗan yaba wa kansa a kan haka. Ashe manja ne.

A Eseka aka daɗe. Masu talla suka cika tagogi, aka sayi kifi, aka zagi mai kifi. Da jirgi ya tashi, Ngo Mahop ta kwance ƙullin zanenta ta fito da almakashi babba irin na tela, ta gwada shi a iska, ƙyas ƙyas.

"Na me?" in ji Metir.

"Yau ce tafiyar rigar ta ƙarshe, Papa. Mako mai zuwa shekara. In mun sauka za mu yanka ta, kowacce ta ɗauki yanki ta yi gammo. Ta ɗauki kayanmu tana raye, ta ci gaba."

"Aljihun nawa ne, na faɗa tun bara," in ji Perpetuwa.

"Naki a ina? Ke da kika ɓatar da tikitin mutum huɗu a makonki?"

"Uku ne, uwar ƙarya!"

Ya bar su suna yi, ya sake buɗe bangon littafin. Saura tasha biyu kafin Makak, da tazara mai tsawo bayan ta biyun. A cikin tazarar nan zai yi magana. Ya fara tsara jimlar a kansa.

Ta farko doguwa ce, tana da haƙƙi a ciki, da gado, da abin da aka ɗauka ba da sanin mai gida ba. Ya karanta ta a zuci ya dubi matan, ya ga za su jefa shi ta taga, kuma da gaskiyarsu. Ya soke. Ta biyu tana da ban haƙuri da godiya, ta yi kama da jawabin rufe makaranta. Ya soke. Ya dubi rigar. Ta koɗe a kafaɗa inda Odil ke rataya jaka, ta yi sheƙi a gwiwa inda ba Odil kaɗai ta goge hannu ba. Ba zai iya tuɓe ta daga jikin tsohuwa ya ninke a jaka ya ajiye a gidan da ko ɓera ya daina motsi ba. Yanki ya ishe shi, ko daga gefen ƙasa ne, ko ba tsuntsu. Tashar farko ta zo ta wuce yana rage kalmomi. Ta biyu ta zo ta wuce. Ya rage har ta zama 'yar gajeriya, ba abin cirewa, irin jimlar da ya yi shekara talatin yana roƙon yara su rubuta. Ya rufe littafin. Ya cire tabarau ya goge. Ya jira jirgi ya gama ƙetare wata gada, don ƙarar ƙarfe ba ta barin a ji magana.

Gada na ƙarewa jirgi ya fara rage gudu.

Ya leƙa. Ba gini, ba allo, ba tuta. Wata rumfar ganye ce a gefen daji, hayaƙi na tashi, ganguna a jere, da 'yar hanyar ƙafa. Da ya juyo, matan duk sun miƙe. Jarkoki na fita ta taga da ƙofa, buhun gishirin da ya jingina da shi aka fizge, wata ta taka masa ƙafa ta ce yi haƙuri Papa ba ta waiwayo ba.

"Makak fa?" ya ce. "Ba Makak kuka saya ba?"

"Makak ta takarda ce!" in ji Perpetuwa daga bakin ƙofa. "Nan ba shi da tikiti, sai mu sayi na gaba. Direba na ɗan taka mana birki, shi ke nan. Gai da mutanen Makak!"

Ta yi tsalle, ƙasa ta karɓe ta. Ma Sidoni ta riga ta sauka, bai ma ga lokacin ba. Jirgin bai tsaya sosai ba, numfashi kawai ya ja. Metir ya miƙe, gwiwarsa ta ƙi, ya dafa benci, wasu maza biyu suka hauro da kawunan ayaba suka toshe hanya. Ya ce a ba shi wuri, suka ce Papa zauna kada ka faɗi. Ƙarfe ya yi ƙara, rumfar ta fara ja da baya. Ta taga ya hango su a kan 'yar hanyar, jarkoki a ka, koriyar a tsakiyarsu tana shiga cikin itatuwan kwakwar manja. Ya buɗe baki. Jirgin ya yi kuka a daidai lokacin, dogon kuka, kamar an biya shi.

Ya sauka a Makak, garin da ba shi da kowa a ciki. Ya tambaya ko akwai hanyar komawa rumfar, aka ce ta dogo ce kawai, tafiyar matashi, kuma an hana bin ta a ƙafa. Ya zauna a benci ya ci sauran mintumbar da aka ba shi. Da la'asar matsakaici ya gangaro, ya sayi tikiti, ya zauna a taga. Wannan ba ya taka wa kowa birki. Ya ga gadar tana zuwa, ya manna fuska a gilashi. Rumfa, hayaƙi, mata a zaune sun yi da'ira a gindin bishiya, kowacce da ɗan kore a cinya. Sai daji.

Bai sake hawa Tsohuwa ba. An yi rabo, ba a yi da shi ba, kuma ba shi ne zai sa mace ta sauke kaya daga kanta don ya ga abin da ke ƙasa ba. Jimlar dai tana nan yadda ya gama ta, ba kuskure a ciki, ba wanda ya ji:

"Ni ne mijinta. In za a yanka, a yi da ni."